Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kamfanin da Ke Kawo Mana Ruwan Leda a Ƙasar Ringim

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranka ya daɗe, ni mai shago ne a bakin tasha, a ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan da motarku ke bi a ƙasar Ringim. Shekara uku ke nan ana sauke mini jaka 30 duk Talata da Asabar, kuma ban taɓa riƙe muku ko sisi ba. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau biyu ina ba direbanku saƙo, na kira lambar da ke jikin ledarku ba ta shiga, na tako da ƙafata har masana'anta aka ce ba ka nan. Da asarar kuɗi ce da na haƙura, amma magana ce ta lafiyar 'ya'yan mutane.

Ka san yadda aka yi ruwanku ya samu karɓuwa a wajenmu. Ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a yankin kogin Haɗeja ba ta bar mana rijiyar kirki ba. Ruwa ya shiga masai, ya fito ya gangara cikin rijiyoyi. Tuƙa-tuƙa biyu gare mu, ɗaya ta daɗe da lalacewa, ɗayar kuma sai yaro ya yi layi tun asuba. Ga shi mutane ba su manta da amai da gudawar 2021 ba, wadda aka ƙiyasta ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Shi ya sa magidancin da ba ya iya sayen nama yake matse aljihu ya sayi jaka ɗaya ya ajiye wa maijego da jariri da mara lafiya. Shi da manyan gida su sha na randa, mai rauni ya sha naku. Amanar da aka ba ku ke nan.

Tun farkon daminar bana mata suka fara dawo mini da ledoji, suna cewa ruwan yana wari kamar na tsohuwar rijiya. Na ɗauka zafin rana ne ya daki ledar. Ranar wata Asabar wani dattijo maƙwabcina ya ce in fito waje. Ya ɗaga leda ɗaya saitin rana, ya ce, "Malam, duba nan." Wasu zare-zare kore-kore kamar gansakuka suna yawo a ciki, a kusurwar ƙasa kuma ɗan baƙin gari ya kwanta. Leda ce a rufe, ba huda. Muka farke jaka uku, muka samu guda tara masu irin wannan.

A satin nan 'yata mai shekara huɗu ta kwanta. Da daddare ta fara gudawa, kafin asuba ido ya faɗa, leɓe ya bushe, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Ruwan gishiri da sukari da uwarta ke ba ta da cokali yana shiga yana dawowa. Kwana uku muka yi a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Ma'aikacin lafiya ya tambaye ni wane ruwa muke ba ta, na ce na leda, daga shagona. Wallahi na ji nauyin amsar nan a ƙirjina, domin gida huɗu da yaransu suka kwanta a satin duk a wajena suke saye. Ni na miƙa musu da hannuna. Allah ya tashi kafaɗun yaran duka, amma ruwa ba ya tsami banza.

Da ta samu sauƙi na hau babur na zo wajenku, kuma gani ya kori ji. Tankin da ke sama murfinsa a buɗe yake, an ɗora masa guntun kwano da dutse. Matatan da ruwa ke bi sun koma ja-ja-wur. Yaran da ke cika jaka ba hula, ba safar hannu, suna shiga da takalman da suka tako kwata da su, ledoji kuma a zube a kan siminti mai jiƙa. Na tambayi wani daga cikinsu fitilar nan da ke kashe ƙwayoyin cuta, ya nuna mini ita a mace, ya ce ta daɗe da ƙonewa. Ban ga laifin yaron ba, ɗan aiki ne, abin da aka ba shi da shi zai yi aiki. Sai kuma burtsatsen: na ƙirga taku 14 daga bakinsa zuwa masan ma'aikata. Jami'an lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin wurin ɗiban ruwan sha da masai, balle a ƙasa mai yashi irin tamu, wadda ruwa ke ratsawa da sauri in damina ta yi nisa.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa sana'ar nan tana da doka. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa ruwan leda rajista, kuma ƙa'idarta ce a ga lambar rajista da adireshin kamfani da lambar rukunin da aka sarrafa da ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi. A ledarku akwai lamba, amma gurbin kwanan wata fari fat yake. To in wani rukuni ya ɓaci, ta yaya za ku san garuruwan da ya shiga ku janye shi? Ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasa da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ta fitar a 2007 ya ce kada a samu ko da ƙwaya ɗaya ta cutar da ke fitowa daga bayan gida a cikin mililita 100 na ruwa. Wannan ƙwayar ido ba ya ganin ta. In har abin da ido ke gani ya wuce matatanku ya shiga leda, me zai tare wanda ba a gani?

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Ku tsayar da aiki har ku wanke tanki, ku sauya matata, ku sa sabuwar fitila, ku toshe masan nan ku haƙa wani nesa. Ku kai ruwan ɗakin gwaje-gwajen da hukuma ta amince da shi, ku kawo takardar sakamakon gaban dagaci a karanta mutane su ji, ku kuma maimaita awon lokaci-lokaci, musamman da damina. Ku fara buga kwanan wata, ku sa lambar waya mai shiga. Gidajen da yaransu suka kwanta kuwa sun cancanci ka zo da kanka ka duba su. Biyu daga cikinsu sai da suka sayar da akuya kafin su biya kuɗin magani.

Na dakatar da karɓar ruwanku daga yau. Jaka 17 suna ɗakin bayan shagona, ba zan sayar ba, ba kuma zan mayar wa direba ya wuce da su ƙauyen gaba ba. Ku turo wakili a farke su a gaban mai unguwa. Na ware leda biyar a rufe yadda suka zo. Zan jira ku mako biyu. In ban ji daga gare ku ba, zan kai biyu ga duba-gari na ƙaramar hukuma, uku kuma ofishin NAFDAC da ke Dutse.

Wassalam.

Naku,
Mai shago a bakin tasha,
ƙasar Ringim, Jihar Jigawa