Mai Bayani A Ƙaramin Gidan Zu Ba Ɗan Rakiya Ba Ne

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana kan aikin da aka fi rainawa a ƙananan gidajen zu, wato aikin mai yi wa baƙi bayanin dabbobi. Da zarar kuɗi sun yi ƙaranci shi ake fara sallama, sai a ce mai sharar keji ya haɗa da aikin. Wannan kuskure ne. Ƙaramin gida ba shi da giwa ko raƙumin dawa da za su tsayar da mutane. Jarinsa shi ne baƙo ya ga dabba dab da idonsa, kuma hakan ba ya yin kyau sai a hannun wanda ya san aikin.

Wanda ya iya ba ya tara mutum hamsin a gaban keji yana ɗaga murya. Mutum 15 zuwa 20 sun isa, minti 10 zuwa 15, da darasi guda ɗaya tak. Yakan fara da abin da hannu zai taɓa ba tare da an wahalar da kowace dabba ba: saɓar maciji, ƙoƙon kan dabba, ƙayar beguwa da ta zube, ko fankon ƙwan jimina, wanda idan yana cike yakan kai kilo ɗaya da ɗoriya. A miƙa wa yaro ƙoƙon kai a ce ya dubi haƙoran ya faɗi abin da dabbar take ci. Amsar da ya gano da kansa ita ce zai tafi da ita gida.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen fito da dabba mai rai. Ba kowace ake fitarwa ba. Biri dai sam, domin yana cizo ba gargaɗi, kuma cuta na ratsawa tsakaninsa da mutum ta kowane ɓangare. Waɗanda suka dace su ne irin su kunkuru, ƙaramar mesa, bushiya da zomo, su ma sai waɗanda aka saba musu da hannu a hankali. Mesar da ta ci abinci ba a ɗaukarta sai bayan awa 48 aƙalla, in ba haka ba ta amayar da abin da ta haɗiye, ta daɗe ba ta murmure ba. Idan idonta ya yi fari-fari kamar hazo, tana shirin saɓa ke nan, ba ta gani sosai, kuma a lokacin ne ta fi kai sara. A bar ta. Wadda ta dace a fitar kuwa, ana tallafe jikinta a wuri biyu, kan yana hannun ma'aikaci nesa da fuskar baƙo, shi kuma baƙon ya shafa bayanta da yatsu biyu, daga sama zuwa wutsiya, yadda ɓawon fatar ya kwanta. Kunkuru da hannu biyu ake riƙe shi, a kwance, kusa da ƙasa. Ƙoƙon bayansa ƙashi ne mai rai da ya haɗe da haƙarƙarinsa, idan ya faɗi ya tsage rauni ne babba. In ya tsorata yakan saki fitsari. Yara su yi ta dariya, alhali ruwan ajiyarsa ne ya zubar. Bushiyar da ta dunƙule ta ƙi warwarewa ta gama aikin ranar. Duk wannan sai da littafi: wace dabba ta fita, ƙarfe nawa, minti nawa, yaya ta yi. Inda babu littafi, dabbar da ta fi haƙuri ita ake ta fitarwa har ta daina cin abinci.

Sai wanke hannu, wanda ba a sasauci a kansa. Macizai, kunkuru da ƙadangaru suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau. Ruwa da sabulu, daƙiƙa 20, kuma famfon ya kasance a bakin ƙofar fita, ba can bayan gini ba. Yara ƙasa da shekara 5 su kalla kawai, domin hannunsu ba ya daɗewa bai kai baki ba.

Wani ɓangaren aikin gyaran jita-jita ne, cikin ladabi. Beguwa ba ta harba ƙayarta. Ja da baya take yi ta soki abin da ya biyo ta. Mesa ba ta da dafi. Mujiya tana juya kai har digiri 270 ne saboda idanunta ba sa motsi a gurbinsu, ga kuma ƙasusuwa 14 a wuyanta, mu namu 7. Kada a kunyata wanda ya zo da tsohon labari a gaban 'ya'yansa, zai tafi da labarinsa da kuma haushi. Haka mai jefa wa dabba abinci: a gaya masa cewa barewa ko akuya na haɗiye ledar da abincin ke ciki, ta toshe tumbi, dabbar ta rame har ta mutu. Dalili ya fi tsawa aiki.

Darasi guda da muka ambata, ga misalinsa. A gaban kejin ungulu a ba da labarin Indiya, inda maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu da suka ci mushen shanun da aka yi wa allurarsa, ƙodar ungulun ta lalace, har aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru. Wanda ya ji wannan ya san aikin da ungulu ke yi masa.

Roƙonmu ga masu waɗannan gidaje: a ware ma'aikaci ko da ɗaya ne don wannan aiki kaɗai, ya yi makonni yana bin masu kula da dabbobi da likitansu kafin ya tsaya gaban baƙi, kuma a ba shi ikon cewa yau wannan dabba ba za ta fito ba, ko da motar ɗalibai na tsaye a bakin ƙofa.

Daga wasu ma'aikatan sashen ilimantarwa na gidan zu.