A buɗe wa masu kwanan titi rumfar masallaci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da kwamitocin masallatan Kano da masu hannu da shuni, a kan bayin Allah da ke kwana a bakin titi. Ni tela ne a Fagge, ba malami ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne ina cikin 'yan agajin masallacin unguwarmu. Idan hunturu ya shigo mukan fita daren Juma'a bayan sallar Isha da kulolin kunu da abin da ya samu na barguna da rigunan sanyi na gwanjo, mu bi ta Kantin Kwari, mu ratsa Singa, mu ɓulla bakin kasuwar Sabon Gari.

Da an ce masu kwana a titi sai mutane su ce ai almajirai ne. Almajiri komai wahalarsa yana da malami da zauren da yake komawa. Waɗanda muke tararwa a kan kwalaye a ƙofar shagunan da aka kulle, akasarinsu magidanta ne. Akwai 'yan dako da masu tura baro waɗanda suka yini suna sauke buhuna, kuɗin da suka samu na iyalin da ke ƙauye ne, ba za su taɓa shi su kama ɗaki ba. Akwai 'yan ci-rani daga Jigawa da Damagaram da Maraɗi. Akwai mata da 'ya'yansu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina. Akwai tsoho da ya rako mara lafiya asibiti, mara lafiyar ya rasu, kuɗin mota ya ƙare, kunya ta hana shi roƙo. Sai kuma masu taɓin hankali, waɗanda nasu lamarin daban ne, ya fi ƙarfin kunu da bargo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin haya da na mota suka haura, sababbin fuskoki sai ƙaruwa suke yi, har da samari masu tsabtar jiki da ka gan su da rana ba za ka ce ba su da makwanci ba.

Ba na raina alherin da ake yi. A watan azumi Kano takan cika da ciyarwa, gwamnati ta buɗe nata cibiyoyin, attajirai su kafa tukwane, 'yan Izala da 'yan ɗariƙa kowa da layinsa. Matan zumunta na majami'un Sabon Gari ma mun sha haɗuwa da su da dare suna raba shinkafa a leda, kuma ban taɓa jin sun tambayi mutum addininsa kafin su miƙa masa ba. Allah Ya saka wa kowa. Sai dai ranar Sallah ana kwashe tukwanen, mutanen kuwa suna nan inda suke. Sannan ko a cikin azumin, abinci ne abu mafi sauƙin samu a garin nan. Wanda ya zauna a ƙofar masallaci da wuya ya kwana da yunwa.

Idan ka tsuguna ka tambaye su, abin da suke faɗa daban ne. Na farko wurin wanka da bahaya. Gidan wanka na kuɗi ne, ɗan dako kuwa yakan lissafa ko ya yi wanka ko ya ci tuwo. Wani dattijo mai tura baro ya ce mini, “Malam, na daina shiga sahu ne saboda na ga mutane suna matsawa.” Wannan maganar ta tsaya mini a rai, don mu da muke zuwa muna yi musu nasihar su kula da salla ba mu taɓa tambayar inda za su wanke tufafin da za su yi ta da shi ba. Na biyu wurin ajiya. Mutum yakan yi matashin kai da takalminsa, ya ɗaure wayarsa a cinya, duk da haka ya farka ya tarar an yanke aljihu. Na uku barcin da ba za a tashe su da sanda ba, ko mai gadi ne, ko 'yan sintiri, ko 'yan shaye-shaye. Matan kuwa abin da suke tsoro da dare ba sai na rubuta shi a jarida ba.

To a ina ake da famfo da banɗaki da inuwa da katanga, a kowace unguwa, waɗanda ba kowa a cikinsu daga bayan Isha har Asuba? A masallatai. Kuma su ne muke garƙame wa kwaɗo.

Na san hujjar kwamitoci, don na zauna a taron da aka yi ta. Za a ce ana satar lasifika da batirin sola da agogon bango, har da famfunan alwala. Gaskiya ne. Za a kuma ce tsaro, kuma duk wanda ya ga harin bam da aka kai Babban Masallacin Juma'a na cikin gari ranar 28 ga Nuwamban 2014 ba zai kira wannan tsoro da wasa ba. Ni ma ban ce a bar cikin masallaci a buɗe ba. Abin da nake cewa a kafa rumfa a harabar, ko a jikin katanga, a shimfiɗa tabarmi, a bar banɗaki ɗaya a buɗe, a ajiye akwatin ƙarfe mai makulli. Wanda zai kwana ya rubuta sunansa da garinsu a wurin ladan ko mai gadi, da sanin mai unguwa. Mutumin da aka san sunansa da fuskarsa, yake kwana a inda ake ganinsa, ya fi sauƙin sha'ani a kan wanda yake raɓe a lungu ba wanda ya san da shi. A masallacin da aka gwada haka a wata unguwa kusa da mu, masu kwanan su ne suka koma masu share harabar kafin Asuba, ɓarawo ma sai ya yi tunani kafin ya haura katangar da mutane ke kwance a bayanta.

Wannan kuma ba baƙon abu ba ne a addini. Malamanmu kullum suna ba mu labarin Ahlus-Suffa, talakawan sahabbai marasa gida da iyali da suke zaune a rumfar masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina. Abu Huraira, wanda ba a yin karatun hadisi ba a ambace shi ba, a cikinsu yake. Annabi ya umarci mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku daga cikinsu gida. Ana karanta mana wannan a wa'azi muna girgiza kai, a idar da salla a kashe fitila a kulle ƙofa. Mu mutanen Fagge ma ya kamata mu fi kowa jin kunya, domin unguwarmu asalinta zango ce a wajen ganuwa, inda ayarin raƙuman Azbinawa da fatake suke sauka. Kakanninmu zaurensu ba ya rabuwa da baƙo. Yanzu an mai da zaurukan shaguna, ni kaina a irin wannan zauren nake ɗinki.

Maganar kuɗi kuma, akwai su. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, a ciki akwai faƙirai da miskinai da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Amma har yau attajiri ya fi son ya tara jama'a a ƙofar gidansa, a yi ta turereniya a kan 'yan canji da atamfa, wani lokaci har a ji rauni. Kuɗin da ake rabawa a irin wannan yini ɗaya zai gina banɗakuna da rijiyar burtsatse a masallatai da dama, a yi wakafinsu, ladan yana gudana bayan mai shi ya kwanta dama. Masu gina sabon masallaci a layin da tuni yake da biyu su ma su duba wannan.

Gwamnati ta gwada nata hanyar. An hana bara a titi, an sake jaddada hanin a 2020, a shekarar kuma lokacin korona aka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu. Wanda yake bin titunan nan da dare ya san yadda aka ƙare. Kamu da kora suna matsar da mutum ne daga ƙarƙashin wannan gada zuwa waccan.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da mu masu kai taimakon. Wasu samari ba sa miƙa ledar abinci sai an kunna waya an haska fuskar mai karɓa, gobe ka gan shi a Facebook da TikTok. Magidancin da ya ce wa iyalinsa yana Kano yana neman kuɗi, sai a ƙauye a gan shi kwance a kan kwali. Na ga wanda ya ja bargo ya rufe kansa ya ƙi karɓa saboda haka. Mu a ƙungiyarmu an hana fito da waya, wanda ya ba da kuɗinsa yana son shaida ya zo ya bi mu. Haka nan dogon wa'azi a kan mutumin da ya yini yana dako, kunu yana hucewa a hannunsa, ba shi da amfani. A ba shi ya sha, idan ya saba da kai shi da kansa zai yi tambaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne rashin lafiya. Idan ɗayansu ya kwanta, sai mu yi ta zagaya 'yan kasuwa muna neman kuɗin magani, wannan ya ce a dawo gobe, wancan ya ce maigida ba ya nan. Ranar da ya cika kuwa, kafin Azahar an sami mai sayen likkafani da mai ba da mota zuwa maƙabarta. Ina roƙon limamai su ware wani kaso daga asusun Juma'a, komai ƙanƙantarsa, a riƙa ajiye shi a hannun mutum biyu amintattu saboda irin wannan, a kuma nemi ma'aikatan jinya da ke salla a masallacin su riƙa leƙa rumfar ko sau ɗaya a mako. Matan da ke kwana da yara kuma ba rumfar masallaci ce ta dace da su ba. Makarantun Islamiyya da ake tashi da yamma suna da azuzuwa masu ƙofa, ƙungiyoyin mata Musulmi za su iya riƙe wannan ɓangaren idan aka ba su dama.

Sanyi yakan tsananta ne daga Disamba zuwa Janairu, rumfar kwano da tabarmi goma kuwa aikin mako ɗaya ne. Duk kwamitin da ya kafa tasa a nan Fagge, labulen buhu da za a kare iska da shi ni zan ɗinka kyauta.

Wassalam.

Naka,
Wani tela, Fagge, Kano