Ga masu raka iyaye birnin Paris: a kula da matakala

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in ja hankalin 'yan'uwa masu raka iyaye ƙasar Faransa, saboda abin da ni da mahaifiyata muka gani a watan Yunin da ya wuce.

Ganin likita ne ya kai mu Paris, aka gama da shi a yini guda. Sauran kwana ukun Hajiya ta ce tunda Allah ya kawo mu, sai an ga gari. Duk wanda na tambaya kafin mu tashi, shawararsa ɗaya ce: jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira metiro. Gaskiyarsu, ga sauri ga araha. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne tun 1900 aka buɗe layin farko, kuma yawancin tashoshin matakala ce zalla. Ka sauka, ka bi dogon lungu, ka sake hawa. Hajiya ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa. Ranar farko, a tsakiyar wata tasha, ta jingina da bango tana haki, ta ce, "Ɗan nan, mayar da ni masauki." Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, don rashin bincikena ne ya jawo mata. Daga baya na gano layi na 14 ne yake da lifta a kowace tasha.

Washegari muka koma bas. Mai lamba 69 tana tashi daga kusa da hasumiyar Eiffel, ta bi ta gidan tarihi na Louvre, ta wuce dandalin Bastille. Hajiya na zaune jikin taga tana kallon gine-gine tana yi min tambayoyi, ba hawa ba sauka. Akwai cunkoso, kada a sa gaggawa. Tikitin bas daban, na metiro daban.

Abin da ya fi faranta mata rai shi ne jirgin ruwan Batobus a kogin Sen. Muka sauka a Jardin des Plantes, muka ratsa lambun a hankali, tana hutawa a kan benci, har babban masallacin Paris. A 1926 aka buɗe shi, domin tunawa da sojoji Musulmi na ƙasashen da Faransa ta mallaka, waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko. Da na gaya mata haka ta yi shiru, sannan ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a. Nan muka yi la'asar, muka sha shayin na'ana'a a harabar. Rana a watan Yuni ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, don haka a duba lokutan sallar garin, kada a yi aiki da lissafin gida.

Louvre ba ya buɗewa ranar Talata. Hasumiyar Eiffel kuwa, a sayi tikitinta ta intanet tun daga gida, a kuma tabbatar na lifta ne, domin akwai na ƙafa mai rahusa, matakala 674 kafin a kai hawa na biyu.

Naka mai karatu,
daga Kano