A daina raina 'yan wasa biyun da aka gayyata gasar sinuka ta Riyad

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina cikin masu sauraron shirinku na wasanni, kuma na ji daɗi da kuka waiwayi gasar sinuka (snooker, wasan tura ƙwallaye cikin ramukan tebur da sanda) da aka yi a Riyad, babban birnin Saudiyya, daga 4 zuwa 6 ga Maris, 2024. Sai dai hirar ta ƙare ne a kan kuɗi da ƙwallon zinare, kuma da aka zo kan 'yan wasa biyu da ba sana'arsu ba ce sinuka, cewa aka yi an kawo su ne don cike gurbi. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Gasar ta gayyata ce, mutum 12 kacal. Goma daga manyan ƙwararrun duniya ne, irin su Ronnie O'Sullivan da Judd Trump da Mark Selby, sai Omar Alajlani ɗan Saudiyya da Ali Alobaidli ɗan Katar. O'Sullivan ne ya ɗauki kofin bayan ya doke Luca Brecel ɗan Beljiyam da ci 5 da 2, ya tafi da fam 250,000. Ƙwallon zinaren kuwa maki 20 gare shi, ba a taɓa shi sai mutum ya haɗa maki 147 a tashi ɗaya, wato jajayen ƙwallaye 15, kowanne da baƙi a bayansa, sai ƙwallayen launuka shida, sannan ya jefa shi ya kai 167. An sa dala 500,000 a kansa, ba wanda ya ci. John Higgins ne ya kusa, ya kai 120 a wasansa da Mark Williams, rawaya ta ƙi shiga.

Gaskiya ne an fitar da baƙin nan biyu tun a zagayen farko, Ding Junhui ya gama da Alajlani, Higgins ya gama da Alobaidli. Amma a duba wanda ake magana a kansa. Alobaidli ba daga gefen titi aka tsinto shi ba. Watanni kaɗan kafin nan, a 2023, shi ya lashe gasar duniya ta waɗanda ba ƙwararru ba a Doha. An ɗauko shi an ajiye gaban Higgins, mutumin da ya ci kofin duniya sau huɗu, a wasan da duk wanda ya riga cin turmi huɗu ya wuce, ƙarƙashin fitilu da kyamarorin da bai saba da su ba. Kamar a ɗauko zakaran damben ƙauye ne a ce karonsa na farko a birni da sarkin fage zai yi. Ai a wannan gasar dai O'Sullivan ya yi wa Higgins ɗin da kansa 4 da nema, ban ji an ce Higgins cike gurbi ya zo yi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ganin Ding a wasansa da Alajlani. A 2005, yana da shekara 18, ta ƙofar gayyata ta musamman ya shiga gasar China Open a Beijin, ya je har wasan ƙarshe ya doke Stephen Hendry da ci 9 da 5. Bayan wannan nasarar sinuka ta ƙara bunƙasa sosai a Sin, yara suka yi ta tururuwa zuwa Ingila neman horo. Shekara ashirin bayan haka, a 2025, Zhao Xintong ya zama ɗan Sin na farko da ya ci kofin duniya a Sheffield, ya doke Mark Williams 18 da 12. Kuma a lokacin ma a matsayin wanda ba ƙwararre ba ya shiga, domin ya rasa katinsa na shiga sahun ƙwararru sakamakon dakatarwar da aka yi masa.

Na san akwai ƙwararrun da ba sa son wannan cakuɗa. A 2021, da Si Jiahui, wanda ba ya cikin sahun ƙwararru a lokacin, ya fitar da Shaun Murphy daga gasar UK Championship da ci 6 da 5, Murphy ya fito fili ya ce bai dace a bar waɗanda ba ƙwararru ba su shiga gasar masu neman abinci da wasan ba. Ina fahimtarsa, mutum ne da ke ciyar da iyali da sandarsa, abokin karawarsa kuma ba abin da zai rasa. To amma Si ɗin nan ya kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2023. Kafin shi, James Cahill ya fitar da O'Sullivan daga kofin duniya a 2019 ba tare da katin ƙwararru ba. Ina ake so irin waɗannan su nuna kansu in an rufe ƙofa?

In akwai abin kushewa a gasar Riyad, tsarinta ne. Wasa ɗaya aka ba kowannensu, ya sha kashi, ya tattara. A gasar ja shida da aka daɗe ana yi a Bankok ta Tailan, rukuni-rukuni aka riƙa rabawa, ɗan wasa ya kara da mutane da dama kafin a sallame shi, kuma da yake jajayen shida ne maimakon 15, turmi ba ya tsawo, ƙarami na iya kayar da babba. Ɗan ƙasar, Thepchaiya Un-Nooh, ya ci ta a 2015. Da masu kuɗin Riyad sun rage wani abu daga abin da suka ɗora kan ƙwallon zinare sun ƙara kujeru da wasanni ga 'yan yankin, da ya fi amfani.

Mu ma nan abin ya shafe mu. Unguwanni da yawa a garuruwanmu akwai tebur a rumfa, matasa na layi da sanda, iyaye kuma kallon wurin zaman banza suke yi masa, wani lokaci da hujjarsu saboda caca. Kaɗan ne daga cikin yaran suka san cewa zakaran Afirka yana samun katin shiga sahun ƙwararru na shekara biyu, kuma 'yan Masar da Maroko ne suka fi cin moriyar wannan dama, kamar Amine Amiri da ya same ta a 2019.

Roƙona, Malam Edita, ku ware wa sinuka ko da minti biyar ne a shirin mako, ku bayyana dokokinta da Hausa, ku riƙa sanar da lokacin gasar Afirka da yadda ake shiga. In kuma wata gasar gayyata ta zo, ku faɗi sunayen ƙananan 'yan wasan da tarihinsu kamar yadda kuke faɗin na manyan.

Allah Ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Kano.