Dakashin uwa da sukarin da ba na shayi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin yadda shirinku na kiwon lafiya ya ja kunnen jama'a kan ciwon sukari. Sai dai mai sauraro zai iya ɗauka cewa duk abin da ake kira sukari cuta ne. Ni malamin ilimin halittu ne a nan Maradi, kuma ina roƙon ku ba ni fili in ƙara bayani, don maganar ta shafi jinjirai.

Sukarin da muke zubawa a shayi ƙwayoyi biyu ne kawai a haɗe. Amma jikin ɗan Adam da na tsirrai suna ƙulla irin waɗannan ƙwayoyi su zama dogayen sarƙoƙi, wasu har da rassa, kowace da aikinta. Sitacin da ke cikin hatsin hurarmu sarƙar gulukos ce, wato ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyin sukari. Karan hatsin ma yana da gulukos mai yawa, ƙullin ne ya bambanta, shi ya sa saniya ke cin kara da taimakon ƙananan halittun da ke tumbinta, mu kuwa ba mu iyawa. Bayan kowace ƙwayar halittar jikinmu lulluɓe yake da irin waɗannan sarƙoƙi, da su ƙwayoyin ke gane juna. Jinin rukunin A da na B ma, sukari guda ne a bakin sarƙa ya raba su.

Inda na fi so a tsaya shi ne nonon uwa. A cikinsa akwai gajerun sarƙoƙin sukari fiye da iri 150, kuma bayan sukarin madara da maiƙo, su ne suka fi yawa. Abin al'ajabin, cikin jinjiri ba ya narkar da su. Suna wucewa har babban hanji, su ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani, irin su Bifidobakteriya, su yi yawa su hana miyagun wurin zama. Sarƙoƙin nonon suna kuma kama da waɗanda ke bangon hanji, don haka ƙwayar zawo sai ta manne musu kamar tsuntsu a tarko, ta fita cikin kashi. Dakashi, wato nonon kwanakin farko, ya fi nonon baya yawan waɗannan sarƙoƙi, madarar saniya kuwa kaɗan ƙwarai take da su.

Wannan ne ke ta da mini hankali. Har yanzu a wasu gidaje ana tatse dakashi a zubar, wai gurɓatacce ne, a ba jinjiri ruwa ko bauri. Kakanninmu ƙauna ce ta sa suke haka, ba su da wanda ya yi musu bayani ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jinjiri a nono cikin awar farko, a ba shi nono zalla har wata 6.

Ko rigakafin sanƙarau na MenAfriVac da aka fara yi a Nijar a 2010, da sarƙar sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar cutar aka haɗa shi.

Roƙona, ku ware shiri guda kan dakashi, ku gayyato likita da ungozoma, ku buɗe waya don iyaye mata da kakanni su yi tambaya da bakinsu. A sa shi bayan sallar isha'i, lokacin da mata suka gama aikin gida.

Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin makaranta, Maradi