Rahoton Ayyukan Shekara: Littafin Barga da Jadawalin Sukuwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa masu dawaki, masu horarwa, mahaya da yaran barga, Allah Ya saka da alheri bisa haƙurin da kuka yi da kwamitin gudanarwa a wannan shekara. Rahoton kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi da bakinsa a taro. Nawa na ayyuka ne, kuma mafi yawansa zai tafi a kan abu ɗaya da ya fi cin mana lokaci, wato littafin barga, inda ake rubuta bayanan kowane doki.

Kafin nan, ga sauran ayyuka a taƙaice. An gudanar da sukuwar hunturu da ta bayan Babbar Sallah. An cike ramukan da damina ta bari a kwanar ƙarshe ta fili, an canza itatuwan shinge da gara ta cinye, an gyara ma'aunin da ake auna mahaya da sirdinsu. Mun je ta'aziyya gidajen 'yan'uwa da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama. Batun ruwan sha na dawaki a fili har yanzu bai warware ba, muna nan da sayen ruwan tanka.

Wanda yake zaune a rumfa yana kallo zai ɗauka jadawalin sukuwa jerin lokuta ne kawai da sakatare ya rubuta. Ku da kuke ciki kun san kowane layi a takardar nan daga barga ya fito. Kafin mu ce ga tsere na farko ga na biyu, sai mun san dawaki nawa ne a kowane aji, na Arewa, Talon, ko 'yan Sudan. Sai mun san shekarun kowane doki da nisan da ya saba, domin wanda aka horar a kan mita 1,000 ba a jefa shi mita 2,000 don kawai a cike gurbi. Sai mun san nasarorin da ya ci a baya don a tsayar masa da nauyin da zai ɗauka, da ranar da ya yi gudu na ƙarshe, da maganin da aka ba shi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya zo a karkace, tseren da aka ɗora a kansa ma a karkace zai fito.

A sukuwar hunturu mun ga haka da idonmu. An shigar da wani doki bikili a tseren ƙananan dawaki, takardarsa ta ce shekararsa 3. Da likitan dabbobi ya ɗaga leɓensa a wurin tantancewa, sai ga haƙoran gaba duk na girma ne, babu na nono ko ɗaya. Kowane tsohon ɗan barga ya san lissafin: na tsakiya suna canzawa a wajen shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, a shekara 5 baki ya cika. Dokin nan ya kai 5 ko ya wuce. Aka cire shi, sai waɗanda suka rage ba su kai adadin da dokarmu ta yarda a yi tsere da su ba. Muka haɗe su da wani rukuni, aka sake lissafin nauyi a tsaye a bakin fili, mahayin da aka tsara zai hau sau biyu da hutu a tsakani ya tarar hawansa biyu sun zo a jere. Tseren ƙarshe, wanda manyan baƙi suka zo dominsa, an yi shi ana kiran magariba, ƙurar hunturu ta rufe kwanar nesa har alƙalai ba sa gani sosai. Duk wannan daga lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba.

Da muka bincika, mai horarwar bai yi niyyar cuta ba. Mai dokin ya saye shi ne ta hannun dillali a kasuwar kan iyaka, aka ce masa ɗan shekara 2 ne, aka rubuta haka, shekara ta zagayo aka ƙara ɗaya. Ba wanda ya buɗe bakinsa ya duba. Ina so 'yan'uwa su riƙe wannan, domin an yi ta maganganu masu zafi a ranar. Abin da muka gano a zagayen da kwamiti ya yi barga-barga shi ne, ha'inci na gangan kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya yi yawa sakaci ne da dogaro da ƙwaƙwalwa. Dawakinmu da yawa suna shigowa daga Chadi da Sudan da Nijar, wasu ta kasuwanni irin su Maigatari, kuma yawancinsu ba su zuwa da wata takarda. A Ingila an fara buga littafin asalin dawakin tsere tun 1791, kuma duk dokin tsere ana ƙara masa shekara ranar 1 ga Janairu ko da wane wata aka haife shi. Mu ba mu da irin wannan gado a rubuce, saboda haka ranar da doki ya shigo barga ita ce ranar da ya kamata a buɗe masa shafi, a duba haƙori, a rubuta launi da alamomi.

Batun alamomi ma ya ba mu wahala. A rubuta "akawal" kawai bai isa ba, akawal nawa ne a garin nan? Haka kili, haka hurde. Ga kuma sauya suna: doki ya ci tsere a wani gari da suna ɗaya, a sayar da shi, sabon mai shi ya raɗa masa wani, ya zo mana a matsayin wanda bai taɓa cin komai ba, a ba shi nauyi mara yawa. Shi ya sa a bana muka ɗauki hoton kowane doki da aka yi wa rajista, gefen dama, gefen hagu, da goshi, aka rubuta farin ƙafa da tabo da inda gashi ya murɗe, aka kuma buɗe gurbin tsofaffin sunaye a fom.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne shafin magani. A wata barga na tarar da ingarma a ɗaure a turke, yana sauke nauyinsa daga ƙafar gaba ta hagu, yana ɗan taɓa ƙasa da bakin kofato. Littafi bai nuna komai ba, sunansa kuma yana cikin masu gudu a makon. Yaron da yake kwana da shi ne ya ce mini a hankali an yi masa allurar kashe zafi kwana biyu da suka wuce. Allurar nan ɓoye ɗingishi take yi, ba ta warkar da jijiya. Dokin da ba ya jin ciwo zai saki jiki ya yi gudu a kan ƙafar da ba ta da lafiya, idan ta karye a tsakiyar tsere kuwa, ɗan wani ne a bayansa, wasu kuma suna biye da shi a guje. Mun cire shi, mai shi ya ji haushi, daga baya ya kira ya yi godiya.

Rigakafi ma haka. Masu shekaru a harkar nan ba su manta da murar dawaki da ta ɓulla a jihar Sakkwato a ƙarshen 2018 ba, wadda ta kashe jakuna masu yawa a Najeriya da Jamhuriyar Nijar. A watan Fabrairun 2019 cutar ta sa an dakatar da duk wata sukuwa a Birtaniya har kwana 6, kuma da aka dawo, dokin da takardarsa ba ta nuna an yi masa rigakafi cikin wata 6 ba, ba a bar shi ya shiga fili ba. Su sun iya dawowa da wuri ne saboda sun san wane doki ya haɗu da wane, a wane fili, a wace rana. Da irin haka za ta same mu a yau, ba mu da abin da za mu duba. Mun roƙi kowace barga ta riƙa rubuta ranar allura da sunan maganin, da zafin jikin doki idan ya ƙi cin harawa ko dusa. Na lafiyayye yana tsakanin 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salsiyos.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwamiti yana da nasa laifin. Fom ɗin da muka raba a farkon shekara da Turanci yake, alhali wanda ya fi kowa sanin dokin, wanda ya san ya ci ko bai ci ba, ya yi kilisa ko bai yi ba, shi ne yaron barga, kuma da yawansu makarantar allo suka yi. Mun mayar da fom ɗin Hausa, mun yarda a cike da boko ko da ajami. Wanda rubutu ke yi wa wuya ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, mataimakin sakatare ya juya shi a littafi ya karanta masa ya tabbatar. Tun da aka fara haka bayanan da ke zuwa sun fi na da cika nesa ba kusa ba. Laifinmu na biyu shi ne karɓar sunaye har safiyar sukuwa don jin nauyin manya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mu muka saba wa mutane da hakan.

Akwai kuma abin da ba mu lissafa ba da muka sa ranar sukuwar bayan Sallah. Wasu dawakin sun yi kwanaki suna hawan Sallah, ɗauke da kayan ado masu nauyi, a kan kwalta, cikin rana. Babu littafin da ya nuna haka, sai a ranar aka yi ta janye su ɗaya bayan ɗaya saboda gajiya da ciwon baya. Tun da Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ba za mu iya kafe rana ɗaya ta dindindin ba. Dole a riƙa rubuta hawa a littafi kamar yadda ake rubuta tsere, mu kuma mu bar tazara.

Ga abin da kwamiti yake kawowa gaban taro don amincewarku. A rufe karɓar sunaye mako guda kafin sukuwa, ba sani ba sabo. Kowane doki ya zo wurin tantancewa da littafinsa, likita ya sa hannu. Wanda ya janye doki saboda rashin lafiya kuma littafinsa ya nuna haka, a mayar masa da kuɗin shiga, domin kada tsoron asara ya sa a ɓoye ciwo. Batun tara ga wanda aka kama da sauya shekaru ko suna da gangan, kwamiti bai daidaita a kan adadi ba, mun bar wa taro ya yanke.

Sababbin littattafan barga suna ofis, kyauta ne ga duk wanda ya biya kuɗin shekara. Muna roƙon iyayenmu masu dawaki, idan za a zo karɓa, a zo tare da yaron da yake kula da dokin, domin shi za mu nuna wa yadda ake cikewa.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa