Na sa wayar haƙori ina da shekara 37, bayan shekara 26 ina gudun likitan haƙori

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi wata magana da ta daɗe tana cina a rai, maganar haƙori ce, na san wani zai ce ana fama da tsadar abinci wa yake ta haƙori, to wallahi wanda ya taɓa kwana yana juyi da ciwon haƙori, ko wanda ya shekara ashirin ba ya iya dariya cikin mutane sai ya kare bakinsa da hannu, shi zai gane abin da nake nufi.

Ni malamin makarantar sakandare ne a nan Kano, shekarata 37, yau wata tara kenan da aka sa min wayar gyaran haƙori, wannan ƙarfen da yara suke kira bireses. Kafin nan rabona da kujerar likitan haƙori tun 1999 ina ɗan shekara 11. Turmina ne ya ruɓe, Baba Allah ya jiƙansa ya kai ni wani asibiti, mutumin ya soka min allura bai ko jira ta kama ba ya ɗauko abin cira, mutum biyu suka danne ni, haƙorin ya karye a ciki ya dinga tono ina ihu, kuma tun daga shigata har fitata babu wanda ya faɗa min ga abin da za a yi min, maganar da kawai na ji daga bakinsa ita ce "kai ba namiji ba ne?" Shi kenan. Tun daga ranar ko warin ɗakin na ji sai cikina ya juya, wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Haka na girma haƙoran ƙasa sun hau kan juna, fiƙata ta dama ta fito can saman dasashi, na gaba guda biyu sun turo har leɓena ba ya rufuwa sosai in ba na matse ba. Buroshi ba ya shiga tsakaninsu, duk safiya in na goge sai na tofar da jini. In ciwo ya tashi sai kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi da Panadol, in ya lafa in ce na warke. Kuma ka san aikin malanta da baki ake yinsa, yara sittin suna kallon bakinka, na koyi yin magana ina kallon allo, na koyi murmushi baki a rufe, hotunan bikina ma gaba ɗaya babu inda haƙorina ya fito. Mai ɗakina ta yi magana har ta gaji ta zuba min ido.

Abin da ya canza lamarin 'yata ce, shekararta 9. Haƙori ya hana ta barci, mahaifiyarta kuma tana jego, dole ni zan kai ta. Na zauna a gefe tafin hannuna yana ta gumi, sai na ga likitar, mace ce, ta jawo kujera ta zauna daidai tsayin yarinyar tana yi mata Hausa, ta nuna mata ɗan madubin, ta kunna injin a iska don ta ji ƙararsa tukuna, sannan tace "'yan mata, duk lokacin da kika ji ba daɗi ki ɗaga hannun hagu, zan tsaya." A raina nace ai duk haka suke faɗa. Da aka fara yarinyar ta ɗaga hannu, wallahi sai ta tsaya, ta ajiye kayan, ta jira har yarinyar ta ce a ci gaba. Malam Edita ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba. Da muka tashi fita nayi mata godiya hannuna a kan baki kamar kullum, sai tace "Malam, kai fa, yaushe rabonka da a duba ka?" Na tsaya a bakin ƙofa na ba ta labarin 1999, labarin da ko mai ɗakina ban taɓa ba ta shi gaba ɗaya ba. Ba ta yi dariya ba, tace in dawo ranar da na shirya, kuma ranar madubi kawai za ta sa, ba za ta taɓa komai ba.

Sai da na yi sati uku kafin in koma, kuma ta cika alƙawari, dubawa kawai ta yi. Daga baya aka ɗauki hoton haƙoran da muƙamuƙi, aka tura ni wurin ƙwararren da ke sa wayar, shi ne ya bayyana min cewa ba za a sa min komai ba sai dasashina ya warke, domin in aka ja haƙori alhali dasashi yana ciwo ƙashin da ke riƙe da shi zai iya zaizayewa haƙorin ya fara girgiɗi. Don haka aka fara da wankin haƙori, aka kankare dauɗar da ta daskare shekara da shekaru, ranar sau huɗu ina ɗaga hannu kuma sau huɗu ana tsayawa. Aka cike guda biyu da suka yi rami. Sannan aka zo inda nake tsoro, wai sai an cire guda biyu na bayan fiƙa don a samar wa sauran wuri. Daren ban yi barci ba. Amma da safe sai aka fara shafa min wani magani a dasashi kafin allurar, aka yi allurar a hankali, aka jira, aka taɓa wurin aka tambaye ni ko ina ji, sai da nace bana ji sannan aka fara, kuma aka faɗa min tun farko zan ji ana turawa ana jijjigawa amma ba zafi ba. Haka kuwa aka yi. Na fito na zauna a kan benci na daɗe ina tunanin wannan yaron ɗan shekara 11, da an jira minti biyar kawai da duk wannan bai faru da shi ba.

Ranar sa wayar kuwa, abin da nake so masu tsoro irina su sani, babu allura babu huda. Ana busar da haƙoran, a shafa wani gam na musamman, a manna 'yan ƙananan ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya, a haska musu wata fitila mai shuɗin haske gam ɗin ya daskare, sannan a ratsa siririyar waya a ɗaure da 'yan robobi. Gajiyar buɗe baki kawai na ji. Ba zan ɓoye ba, zafin da daddare ya zo, kwana huɗu ko biredi bana iya cizawa, koko da kunun gyaɗa da fura su suka riƙe ni, ƙarfen kuma ya goge min cikin kumatu har ya yi gyambo sai da na dinga manna kakin da suka ba ni. Bayan sati ɗaya baki ya saba. Yanzu duk sati huɗu zuwa shida nake komawa a canza roba ko waya, in yi kwana biyu ina jin tsami shi kenan.

Wani abokin aikina ya ce min icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wai na makara. Na kai wa likitan wannan maganar, amsar da ya ba ni ita nake so jama'a su ji. Haƙori ba a kafe yake a cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba, akwai wasu siraran zaruruwa da suke riƙe da saiwarsa, in aka tura shi a hankali kuma ba a daina ba, ƙashin da ke gefen da ake turawa sai jiki ya narkar da shi kaɗan kaɗan, gefen da ya baro kuma sabon ƙashi ya cike, abin da yake matsawa a wata bai fi kamar milimita 1 ba. Wannan aikin jiki ba ya daina shi don an girma. Bambancin kawai yaro muƙamuƙinsa yana kan girma don haka nasa ya fi sauƙi da sauri, babba kuma sai ya ƙara haƙuri, yawanci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani har uku. Ni an ce min kamar shekara biyu, bayan an cire kuma akwai abin da zan dinga sawa da daddare don kar su koma inda suka fito. Wata tara kacal amma fiƙar nan da take can sama ta sauko ta shiga layi, jinin safiya ya tsaya.

Akwai abin da na rasa kam. Rake, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, kilishi, duk na haƙura, naman layya ma bana sai da aka daka min. Sau ɗaya na karya doka na ci aya ƙarfe ɗaya ya ɓalle, sai da na koma aka sake mannawa. Goge baki kuma ya zama aiki, duk bayan cin abinci, da ɗan mitsitsin buroshi mai shiga ƙarƙashin waya, don in ka yi sakaci ranar da aka cire za ka tarar da fararen tabo a haƙoranka. Kuɗi ma ba wasa ba ne, ya haura albashina na watanni, da kaɗan kaɗan nake biya duk zuwa, kuma na san mutane da yawa tsadar ce ta hana su ba tsoro ba.

Ta fuskar addini ma ban shiga da ka ba, don na san hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim a kan masu goge haƙora su yi wushirya don ado. Na je na tambayi malaminmu na unguwa, yace wancan a kan canza halitta ne don neman ƙarin kyau, amma gyara aibi ko abin da yake cutar da mutum magani ne, ya kawo min labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Da wannan hankalina ya kwanta. Masu cewa ƙarfen 'yan mata ne na sa a bakina kuma, ina jinsu, yana min ciwo wani lokacin, amma ba su ne suke tofar da jinin ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi tayar min da hankali har na ɗauki waya na rubuto maka. Tunda na sa nawa ɗalibaina mata suka fara zuwa suna nuna min nasu, wai na gayu ne, a shagon kwalliya aka manna musu, wasu kuma a Instagram da TikTok suka gani suka saya da araha. Ɗaya daga cikinsu dasashinta ya kumbura ya yi ja, haƙoranta na gaba da suke lafiya lau sun fara buɗewa. Iyaye don Allah ku duba bakin 'ya'yanku. Waya ba ta san gayu ba, duk wadda aka ɗaure a haƙori za ta ja shi, kuma in ba wanda ya ga hoton saiwar ba ne ya ɗaura, to inda ta ga dama za ta kai shi, ga shi ba a san irin ƙarfen ba, ba a san gam ɗin ba, ba a san ko an dafa kayan aikin bayan bakin wata ba, ta nan cutar hanta ma tana iya shiga. Araha ba ta ado. Mai wannan aikin na gaskiya sai ya yi shekara shida a jami'a ya zama likitan haƙori, ya yi rajista da hukumar MDCN mai kula da likitoci a Najeriya, sannan ya ƙara wasu shekarun yana ƙwarewa a kan daidaita haƙora kaɗai. A nan Kano ma Jami'ar Bayero tana da tsangayar koyar da likitancin haƙori tare da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba sai an je Legas ko ƙasar waje ba kafin a samu wanda zai duba mutum.

Roƙona ga likitocinmu na haƙori, na san kuna da layi mai tsawo kuma kuna gajiya, amma don Allah ku dinga yi wa mutum bayani da harshen da yake ji kafin ku taɓa shi, musamman yara, kuma in kun ce za ku tsaya ku tsaya ɗin. Mu iyaye kuma mu daina cewa yaro "in ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura", ni kaina na sha faɗa kafin in gane abin da nake shukawa.

Kai kuma Malam Edita, ranar 20 ga watan Maris ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, ina roƙon ku ware shafi guda ku gayyato likitan haƙori ya amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, a yi maganar wayar gayu ɗin nan a fili, a faɗi yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya da kaɗan kaɗan. In kun yi zan yanke shafin in manna a allon sanarwar makarantarmu.

Ranar Alhamis mai zuwa zan koma a canza min waya. Har yanzu in na zauna a kujerar tafin hannuna yana gumi, 'yata ce take raka ni in ba makaranta, ita ma likitan yace za a sake duba nata in sauran haƙoran yarintarta sun gama zuba.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Kano